Ganin Likita Ta Waya a Katsina: Inda Yake Biyan Buƙata da Inda Yake Gazawa

Masu tallar ganin likita ta waya sun fi son su kwatanta hajarsu da layin asibiti. Kwatancen yana da daɗin ji, domin duk wanda ya taɓa sammakon yankar kati a Babban Asibitin Katsina ko Asibitin Koyarwa na Tarayya ya san lissafin: kuɗin napep zuwa da dawowa, zaman jira, sannan yinin nema ya tafi. Marasa lafiya daga ƙananan hukumomi 34 ne ke kwararowa, likitoci kuwa ba su kai yawan da ake buƙata ba. Sai dai gaskiyar magana, mai mura a Ƙofar Ƙaura ko mai ƙaiƙayin jiki a Sabuwar Unguwa da ma can ba asibiti yake zuwa ba. Kemis yake zuwa, ya ce a haɗa masa magani, a ƙulla masa ƙwayoyi kala biyar a leda. Don haka in za a auna wannan hidima, da mai kemis ya kamata a gwada ta. A wannan ma'auni ta yi nasara a wurare da dama, ta kuma faɗi warwas a wuri guda mai muhimmanci, wato zazzaɓi, in ba a haɗa ta da gwaji ba.

Iri uku ake samu a nan. Akwai manhajar da ake saukewa a waya, a yi rajista, a biya, a jira likita ya kira ta murya ko ta bidiyo, wani lokaci ta rubutu kawai. Akwai wanda ke zuwa cikin inshorar lafiya ta ma'aikatan banki, kamfanoni da ƙungiyoyi, inda kamfanin inshorar yake da layin likitocinsa. Da yawa masu wannan inshora ba su ma san sun riga sun biya kuɗinsa ba. Na uku shi ne wanda ya fi yawa kuma ba shi da suna: likitan asibitin kuɗi da ka saba da shi ya ba ka lamba, kana tura masa bayani ta WhatsApp, kana yi masa transfa. Na ukun ya fi sauran amfani ta fuska ɗaya, domin mutumin ya taɓa ɗora hannu a jikinka, yana jin Hausa, kuma in abu ya rikice ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Rauninsa shi ne ba a cika rubuta komai a fayil ba, kuma in yana tiyata ko barci saƙonka zai kwana ba a buɗe ba.

Likitan da ba shi da hannu

Abin da ya kamata mai saye ya fahimta tun farko shi ne, likita a ɗakinsa yana aiki da kunne, ido, hannu da kayan awo. Ta waya kunne kawai ya rage masa, sai rabin ido. Ba zai danna ciki ba, ba zai saurari ƙirji ba, ba zai leƙa cikin kunne ba. Hannun da ya rasa, mutanen gida ne za su ara masa. Gidan da ya tanadi kayan awo yana samun shawara mai ma'ana. Gidan da bai tanada ba yana biyan kuɗi ne a yi masa canke cikin ladabi.

Kayan ba su da yawa. Ma'aunin zafin jiki mai batir shi ne na farko: a sa a hammata busasshiya, a matse hannu har ya yi ƙara. Daga 37.5 a hammata an shiga zazzaɓi. Taɓa goshi da bayan hannu ba awo ba ne, balle a watan Afrilu da Mayu da zafin Katsina ke haura digiri 40 kowa jikinsa zau. Na biyu nauyin yaro, domin maganin yara da kilo ake lissafa shi, ba da shekaru ba. In babu sikeli a gida, a duba na ƙarshe da aka rubuta a katin rigakafi ko a auna a asibitin sha-ka-tafi na unguwa. Na uku, in akwai dattijo ko mai hawan jini a gidan, na'urar awon jini wadda ake ɗaurawa a damtse, ba ta wuyan hannu ba. A zauna minti biyar tukuna, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, a auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, a rubuta duka lambobin. Na huɗu agogo, kuma yana cikin wayar. Da shi ake ƙirga numfashin yaro mai tari: a ɗage riga yana kwance shiru, ba yana kuka ba, a ƙirga ɗagawar ciki na cikakken minti ɗaya. Jariri ƙasa da wata biyu in ya kai 60, ɗan wata biyu zuwa shekara ɗaya in ya kai 50, ɗan shekara ɗaya zuwa biyar in ya kai 40, numfashin ya yi sauri, kuma ana zargin ciwon ya sauka huhu. Likitan waya da bai nemi wannan ƙirge ba a kan yaro mai tari da zazzaɓi, bai yi aikinsa ba.

Sannan a tattaro duk maganin da aka riga aka sha, har da na gargajiya, a ɗauki hoton kwalinsa. Mutane kan ɓoye wannan don kunya, alhali shi ne ke sauya shawara. Wanda ya sha Procold ko Mixagrip ya riga ya sha farasitamol a ciki. In aka ƙara masa wani a kai ba tare da sani ba, hanta ce ke biyan bashin. Irin waɗannan haɗe-haɗen na mura kuma suna ɗauke da sinadarin buɗe hanci da ke iya ɗaga jinin mai hawan jini.

Matsalar harshe

Nan ne manhajoji suka fi ba Bakatsine haushi. Da yawan likitocinsu suna Legas ko Abuja, kuma ba kowanne ke jin Hausa ba. Kafin a biya, a duba ko akwai wurin zaɓen harshe da wurin zaɓen likita mace. In babu, a sa wanda ke jin Turanci a kusa, amma marar lafiyar ya kasance a wurin da kansa. Aiken ɗa ya yi bayanin ciwon uwarsa daga shago ba ganin likita ba ne.

Ko da likitan Bahaushe ne, kalmominmu na ciwo suna da faɗi fiye da kima. “Sanyi” na iya nufin zafin fitsari, ko ƙaiƙayin gaba, ko fitar ruwa, ko ciwon mara, ko ciwon gaɓoɓi. “Basir” na iya zama tsiro, ko jini a bayan gida, ko taurin bayan gida, ko kumburin ciki kawai. “Olsa” kuwa ta zama sunan duk wani zafi tsakanin maƙogwaro da cibiya, har da ciwon zuciya. Haka “taifot”. A fuska da fuska likita yana warware wannan da hannunsa. Ta waya in ka ba shi suna maimakon alama, a kan sunan zai rubuta magani. Maimakon “Likita, taifot ɗina ne ya tashi”, abin da ke aiki shi ne: “Likita, shekaruna 34, yau kwana uku ina zazzaɓi, da safe na auna 38.6, kaina na ciwo, na yi amai sau ɗaya jiya, ina cin abinci kaɗan, ba na gudawa, na sha farasitamol biyu sau uku, ba ni da hawan jini ko suga.” Wannan bayanin bai kai rabin minti ba, amma ya fi minti goma na kame-kame. Mace ta ƙara da ranar da ta ga al'adarta ta ƙarshe da ko tana shayarwa, ko da ba a tambaye ta ba.

Inda kuɗin ke fita

Ciwon fata shi ne gonar wannan hidima, domin gani ya kori ji, kuma fata ana ganinta. Sharaɗin shi ne hoto mai kyau: a fita tsakar gida da rana a inuwa, a kashe fitilar kyamara, a goge gilashinta, a ɗauki ɗaya daga nesa don a ga wurin da abin yake a jiki, ɗaya a kusa da yatsa a gefe don a gane girmansa. Hoto ya fi bidiyo fitowa tas, musamman in sabis ba shi da ƙarfi. Kada a shafa komai kafin ɗauka.

A nan likita ke gyara kurakuran da aka daɗe ana yi. Makero a kan yaro ba ya jin man shafawa, domin cutar tana cikin saiwar gashi. Maganin sha yake buƙata na makonni shida zuwa takwas, tare da daina haɗa aska, mataji da hula. Ƙazuwa ba ta barin gida in mutum ɗaya aka yi wa magani: kowa da ke kwana a ɗakin zai shafa daga wuya zuwa tafin ƙafa a dare guda, a wanke tufafi da zannuwan gado da ruwan zafi a shanya a rana, kuma ƙaiƙayin na iya ci gaba har makonni biyu zuwa huɗu bayan ƙwayar ta mutu, wanda ba ya nufin maganin bai yi ba. Sai kuma mayukan nan masu haɗi uku irin su Funbact-A da Skineal da ake miƙa wa kowa a kan kowane ƙurji. Suna ɗauke da sitiroyid, sinadarin da ke kwantar da ja da ƙaiƙayi cikin kwana biyu, mutum ya ɗauka ya warke, alhali kyasbin ko makeron yana yaɗuwa a ƙarƙashi, fatar kuma tana yin siriri tana tsagewa in an daɗe ana shafawa. Kiran minti biyar da zai hana uwa shafa wa jariri irin wannan a mazaunai ya biya kansa.

Afolo ma haka. Yawancinsa ƙwayar bairos ce, yana tafiya da kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu; abin yi shi ne wanke ido da ruwa mai tsabta, wanke hannu, da raba tawul da kwalli. Aikin likita a nan hani ne: ban da ruwan nono, ban da fitsari, ban da ruwan sukari, ban da maganin ɗigawa mai sitiroyid sai wanda ya duba idon da kansa ya rubuta. Amma in akwai zafi mai tsanani, ko gani ya ragu, ko haske na sokar ido, ko jariri sabon haihuwa ne idonsa ke ruwa da mugunya, wannan na asibitin ido ne a ranar.

Murar hunturu, wadda ƙurar Disamba da Janairu ke cika gidaje da ita, ba ta buƙatar amoksisilin. Ruwan ɗumi, hutu, farasitamol in akwai zafi, ɗigon ruwan gishiri a hancin yaro, da cokalin zuma ga wanda ya haura shekara ɗaya. Jaririn da bai kai shekara ba ba a ba shi zuma. A nan ake gane manhaja mai mutunci. Wasu likitocin suna tsoron a ba su maki kaɗan in ba su rubuta “magani mai ƙarfi” ba, sai su rubuta antibayotik don mai saye ya ji kuɗinsa bai tafi a banza ba. Wanda ya ce maka ba ka buƙatar komai sai ruwa da barci, ya kuma lissafa maka alamomin da za su sa ka tashi zuwa asibiti, shi ne ya cancanci makin. Tarin da ya wuce mako biyu kuwa ya fita daga sahun mura. Gwajin majina na tarin fuka yake nema, kuma kyauta ake yinsa a cibiyoyin da gwamnati ta ware.

Ciwon maƙogwaro yana buƙatar ƙarin hattara a yankinmu. Tun ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke a Kano, kuma a 2023 Katsina na cikin jihohin da ya fi taɓawa. Likita zai nemi hoton maƙogwaro: a haska da tocila, a danne harshe da bayan cokali mai tsabta. In aka ga wani farin abu mai ruwan toka ya manne a can ciki, ko wuya ya kumbura, ko murya ta shaƙe, ko yaron bai kammala rigakafi ba, kada a kankare, kada a kai wa wanzami, a tafi asibiti.

Gudawar da ba jini a cikinta, yaro yana sha yana wasa, ana iya kula da ita daga gida da jagorancin waya. Ƙunshin ORS, wato garin haɗa ruwan gishiri da sukari, na lita ɗaya ana zuba shi cikin ledar fiya wata biyu, tunda kowace rabin lita ce. A duba jikin ƙunshin, domin akwai na rabin lita. Yaro ƙasa da shekara biyu ya sha mililita 50 zuwa 100 bayan kowace gudawa, mai shekara biyu zuwa goma ya sha 100 zuwa 200, da cokali kaɗan-kaɗan; in ya yi amai a dakata minti goma a ci gaba a hankali. Abin da ya kwana ya yini, wato ya cika awa 24, a zubar a haɗa sabo. Zink miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga wanda bai kai wata shida ba, kuma a ci gaba ko gudawar ta tsaya. Nono da abinci ba a dakatar da su. Flagyl da ake ɗura wa kowane yaro mai gudawa, yawanci ba shi da aikin yi a wurin. Amma gudawa fara kamar ruwan wankin shinkafa, musamman da damina, ko idanu sun zurma, ko maɗiga ta lotsa, ko an tsunkuli fatar ciki ta ƙi komawa da sauri, wannan ba ya jiran sabis ya dawo.

Akwai kuma amfanin da ba a cika tallatawa ba: karanta sakamakon gwaji, da bibiyar mai hawan jini ko suga da aka riga aka ɗora a kan magani yana da awonsa na mako a rubuce. Ga wanda ke Mai'aduwa, Zango ko Ɓaure, ko na Jibiya da Batsari da hanya ba kowane lokaci take biyuwa ba, tafiyar da za a yi don a ce “ci gaba da maganinka” an huta da ita. Haka gyaran lokutan shan magani kafin azumi, in dai an yi tambayar tun cikin Sha'aban. Matar da ke jin nauyin faɗin matsalar fitsari ko ƙaiƙayi a gaban layin kemis ma ta samu sarari, ko da yake likita na ƙwarai zai tura ta gwajin fitsari in abin yana dawowa, in kuma tana da ciki ya ce sai an gan ta.

Zazzaɓi

Waɗanda suka fara ƙirƙiro irin wannan hidima a Amurka da Ingila, zazzaɓin kwana biyu a wurinsu ƙaramin ciwo ne. A Katsina, musamman daga Yuli zuwa Oktoba, zazzaɓi maleriya ce har sai gwaji ya ce a'a, kuma a jikin ƙaramin yaro tana iya juyewa cikin yini guda. Babu likitan da zai iya bambance ta da wani zazzaɓin ta murya ko ta bidiyo. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada kafin a ba da magani, kuma dokar ba ta canza don an koma waya ba.

Saboda haka tsarin da ke aiki shi ne a yi gwajin kafin a kira. Gwajin yatsa na gaggawa ana samunsa a asibitocin sha-ka-tafi, ɗakunan gwaji da famasi da yawa. Sakamako na fita cikin minti 15 zuwa 20: layi biyu akwai maleriya, layi ɗaya a wajen harafin C babu, in kuwa layin C bai fito ba gwajin ya lalace, a sake. Kurakuran da aka fi yi su ne karantawa bayan awa guda, lokacin da layin ƙarya kan bayyana, da zuba jini fiye da kima, da amfani da kayan gwajin da ya sha zafi a shago. Wani abin lura, gwajin na iya ci gaba da nuna layi biyu har makonni bayan an warke, don haka wanda ya gama magani kwana goma da suka wuce zazzaɓi ya dawo, gwajin madubin ɗakin gwaji ya fi dacewa da shi. A tura wa likita hoton sakamakon, ba labarinsa ba.

In ta tabbata, kuma marar lafiya yana sha yana ci, maganin da aka fi rubutawa shi ne irin Coartem. Mai ƙarfin 20/120, ƙwaya ɗaya ce ga kilo 5 zuwa 14, biyu ga 15 zuwa 24, uku ga 25 zuwa 34, huɗu daga 35 zuwa sama. Sha shida ne cikin kwana uku: na biyu bayan awa takwas da na farko, sauran safe da yamma. Akwai mai ƙarfin 80/480 wanda ƙwaya ɗaya ke tsayawa a madadin huɗu, kuma nan ake ruɗewa, shi ya sa dole takarda ta faɗi ƙarfin. A sha da madara ko abinci mai maiƙo, domin ba ya shiga jini sosai a cikin da ba komai. Yawancin “maganin bai yi min ba” daga nan yake, ko daga dainawa a rana ta biyu da jiki ya yi sauƙi.

In gwaji ya ce babu, kada a yarda a fake da taifot nan take. Gwajin taifot na Widal guda ɗaya da ake yi ko'ina yana nuna “akwai” ga mutane da yawa da ba su da ita. Likitan da ya ga Widal kaɗai ya rubuta allurai na kwana biyar ta waya, a nemi ra'ayin wani.

Farasitamol na yara miligiram 15 ne ga kowane kilo, duk awa shida, kada ya wuce sau huɗu a yini da kwana. Yaro mai kilo 10, in ruwan maganin mai 120 ne a cikin mililita 5, kimanin mililita 6 zai sha, da sirinji ko murfin awo, ba da cokalin shayi ba. Babba kada ya haura giram huɗu a yini da kwana.

Akwai waɗanda zazzaɓinsu ba ƙarami ba ne ko yaya ya zo: jariri ƙasa da wata uku, mai ciki, mai sikila, yaro mai tamowa. Haka duk wanda ya yi jijjiga, ko yake amayar da komai, ko ya kasa sha, ko barci ya danne shi ba a iya tada shi, ko tafin hannunsa ya yi fari fat, ko idonsa ya yi rawaya, ko fitsarinsa ya koma kalar shayi. Da bazara kuma, zazzaɓi da ciwon kai da sanƙarewar wuya sanƙarau ne har sai an tabbatar ba shi ba ne. Ga waɗannan, minti ashirin na rajista da jiran likita asara ce. Yara da masu ciki a nufi Asibitin Turai 'Yar'aduwa ko mafi kusa. Ciwon ƙirji da gumi, karkacewar baki ko mutuwar ɓarin jiki, ciwon ciki da ya tattare a ƙasan dama, zubar jini ga mai ciki, cizon maciji ko na kare, awon jini da ya kai 180 bisa 120 da ciwon kai ko dishi-dishin gani, duk hukuncinsu ɗaya. Ciwon kunne ba gaggawa ba ne yawanci, amma shi ma ɓata kuɗi ne a waya, tunda sai an leƙa.

Takarda, kemis da kuɗi

Kiran da ya ƙare babu takarda a rubuce rabin aiki ne. Ta ƙunshi sunan marar lafiya, shekaru da nauyi, kwanan wata, sunan maganin na asali ba na kamfani kaɗai ba, ƙarfinsa, sau nawa, kwana nawa, da sunan likita da lambar rajistarsa ta MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista. Neman wannan lamba ba rashin kunya ba ne. Duk likitan da ke aiki a Najeriya yana da ita, kuma a shafukan sada zumunta akwai masu farar riga da yawa da ba su taɓa shiga ajin likitanci ba. Alamarsu ɗaya ce: kowane ciwo ka kawo, ƙarshensa wani haɗi ne da su kaɗai ke sayarwa.

A wajen saye ake yawan ɓata aikin. Manhajojin da ke alƙawarin kawo magani har gida, galibi a manyan birane suke cika alƙawarin, don haka a tambaya ko Katsina ko Daura na ciki kafin a dogara. In an je saye, famasi mai ƙwararren mai haɗa magani ya fi ƙaramin kemis, wanda lasisinsa bai ba shi damar sayar da kowane irin magani ba. In aka ce babu wannan amma ga “ɗan'uwansa”, a ɗauki hoton kwalin a tura wa likita kafin a biya. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, in akwai wurin kankarewa a kwalin a kankare a tura lambar kamar yadda aka rubuta. Tiramol da makamantansa kuwa, likita mai tsoron lasisinsa ba zai rubuta wa wanda bai taɓa gani ba. Maganin tari mai kodin ma gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi da haɗa shi tun 2018.

Farashi yana sauyawa, don haka abin dubawa shi ne tsarinsa. Biyan kira ɗaya ya fi dacewa da yawancin gidaje. Biyan wata-wata yana da riba ga gida mai yara da yawa ko mai ciwon da ake bibiya, amma a lura, sau da yawa yana sabunta kansa daga katin banki ko kuɗin kira ko an yi amfani ko ba a yi ba. Tambayoyi uku kafin a biya: in layi ya yanke, likita zai sake kira ko kuɗin ya tafi? Kwana nawa ake da su na komawa da sakamakon gwaji ba tare da sabon biya ba? Likitan farko za a sake samu ko wani daban? Babu likitan da ke buƙatar lambar BVN ko lambar sirrin da banki ya turo.

Data ba ita ce babbar matsala ba: kiran bidiyo kan ci kimanin megabait biyar a minti, na murya bai kai ɗaya ba. Sabis da caji su ne. A cikin gari bidiyo na tafiya in an fito daga ɗaki mai rufin kwano. A ƙauyuka gara a tura hotuna tukuna sannan a yi magana ta murya. Na kusa da iyaka wajen Kongwalam su duba kada wayar ta kama layin Nijar. A sa waya a caji tun kafin a shiga layin jira, domin KEDCO mai ba da wuta ba ta san kana da alƙawari da likita ba.

Sirri kuma, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa kamfanoni nauyin tsare bayanan lafiya, amma a gidajenmu ɓarakar ta fi fitowa daga wayar da mutum huɗu ke amfani da ita. A goge hotuna bayan an tura, musamman na mata da yara, kuma hoton al'aura ba a tura wa lambar da ba a tabbatar da mai ita ba, ko da ya ce shi likita ne; likitan gaske yakan wadatu da bayani, in bai wadatu ba ya ce a zo a duba.

Kafin a kashe waya, tambaya ta ƙarshe ita ce: “Likita, in ban ji sauƙi ba zuwa yaushe zan tafi asibiti, kuma me zan gani in tafi tun kafin lokacin?” Ga zazzaɓin da aka fara wa magani amsar kan zama awa 48, ga mura mako guda zuwa kwana goma, ga makero sai an yi makonni kafin gashi ya fara tsirowa. A rubuta amsar a bayan kwalin maganin tare da ranar da aka fara sha, domin in an ƙare a asibitin, ita ce farkon abin da likitan can zai tambaya.